Babi na Bakwai: Faifai Biyu a Kowane Gida

A ƙauyen Onta na ƙasar Japan, duk gidan maginin da ka shiga faifan gini biyu za ka tarar a ɗakin aiki, ɗaya na uba, ɗaya na ɗa. Ba a ƙara na uku. In jika ya tasa har ya isa zama a bakin faifai, kakan ne zai tashi ya ba shi wuri, ya koma ga ƙananan ayyukan gida. Ba sa karɓar mai koyo daga waje, ba sa ɗaukar ɗan ƙwadago ya yi musu gini, kuma a cikin 'ya'yan gida ɗaya tak ake koya wa sana'ar. A haka suka kwashe shekara 300 da ɗoriya.

Wanda ya fara jin wannan ƙa'ida zai ɗauka rowa ce irin ta masu ɓoye asirin sana'a. Amma babu wani asiri a Onta. Ɗakunan aikin suna bakin hanya, tukwane suna shanye a kan katako a filin ƙofar gida, baƙo yana iya tsayawa ya yi kallo har ya gaji. Dalilin ƙa'idar yana wani wuri dabam, kuma ba za a gan shi ba sai an bi ƙasar ginin tun daga inda ake haƙo ta.

Ƙauyen yana cikin wani matsattsen kwari tsakanin tsaunuka, tafiyar kamar rabin sa'a a mota daga birnin Hita, a lardin Oita na tsibirin Kyushu. Hanya ɗaya ce ta ratsa shi, rafi ɗaya ne ke bin gefenta. An kafa sana'ar a nan a farkon ƙarni na 18, wajen shekarar 1705, kuma mutum uku ne suka haɗa hannu: Yanase San'emon, magini daga Koishiwara da ke bayan tsauni, shi ya zo da gwaninta, Kuroki Jubei ya zuba dukiya, gidan Sakamoto suka ba da fili. Har yau maginan Onta zuriyar waɗannan gidaje uku ne, tare da Kobukuro, wanda reshe ne na Kuroki. Ita kuwa gwanintar, in aka bi salsalarta, Koriya za ta kai mutum. Tsakanin 1592 da 1598 Toyotomi Hideyoshi ya kai wa Koriya yaƙi sau biyu, sarakunan yaƙinsa kuma suka dawo da magina Koriyawa masu yawa, akasarinsu ba da son ransu ba, suka zaunar da su a Kyushu. Daga hannun waɗannan kamammu ne faifan da ake juyawa da ƙafa da matoya mai hawa tudu suka bazu a yankin.

Ƙasar da ake gini da ita a Onta ba laka ba ce mai taushi irin wadda ake ɗiba a bakin fadama. Mai tauri ce, kusan dutse, ga kuma ƙarfe a cikinta. Gidajen ne ke haɗuwa su haƙo ta a jikin tsaunukan da ke kewaye da su, a raba daidai wa daida, kowa ya kai tasa ya shanya. In ta bushe sai daka.

Abin dakan, wanda suke kira karausu, shi ne abin da Onta ta fi shahara da shi bayan tukwanen kansu. Turmi ne da taɓarya, sai dai rafi ne mai dakan. An sami dogon gungumen itace an ɗora tsakiyarsa a kan gicciye yadda zai iya rinjaya gaba ko baya. Ƙarshensa ɗaya an fafe shi ya zama komi. A ɗaya ƙarshen an kafa taɓarya, bakinta yana kallon wani rami da aka zuba ƙasar a ciki. An tare ruwan rafi an janyo shi yana kwarara a komin. Da ya cika sai nauyi ya ja wannan ɓangare ƙasa, taɓarya ta ɗaga kai sama, ruwan ya kife, komi ya yi sakayau, taɓarya ta faɗo tim a kan ƙasar. Sai komin ya sake fara cika. Haka yake yi dare da rana, ba mai tsaye a kansa, sai dai a zo lokaci-lokaci a juya ƙasar. Ƙarar wannan daka ta cika kwarin, har a 1996 hukumar kula da muhalli ta Japan ta sa ta cikin sautuka 100 na ƙasar da ya kamata a adana.

Kafin ƙasa ta zama gari sai ta yi mako uku zuwa wata guda a ƙarƙashin taɓarya. Daga nan aikin ya koma hannun mata. Su ne za su kwashe garin su zuba a wani rami mai ruwa, su yi ta damawa da doguwar sanda, tsakuwa da yashi su kwanta, su juye ruwan lakar ta cikin rariya zuwa wani ramin, su sake, su kuma sakewa, har ya zama ba sauran tsaki. A bar shi ya kwanta, a kwashe a zuba a mazubin da zai tsane, sannan a ɗora a kan wani ɗan murhu ko a baza a rana har ya yi daidai murzawa. Aikin duƙe ne, hannu cikin ruwa, a ƙasar da ake yin dusar ƙanƙara da hunturu. Hotunan da ake bugawa a mujallu galibi na namiji ne zaune a bakin faifai, fuska a natse. Matar da ta shirya masa yumɓun ba kasafai ake ɗaukar ta ba, alhali in ta kwanta ciwo na wata guda faifan tsayawa zai yi.

Wani masanin zamantakewar ɗan Adam ɗan Ingila, Brian Moeran, ya zauna a yankin a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma fitar da littafi a kan maginan Onta a 1984. Shi ne ya bayyana abin da ke ɗaure da ƙa'idar faifai biyu. Rafin ƙarami ne, wuraren da ruwa ke da gangaren da zai iya ɗaga gungume kuma ƙidayayyu ne. Saboda haka yawan turamen da za a iya kafawa yana da iyaka, yawan yumɓun da kowane gida zai samu a shekara ma haka. Yumɓun da gida ke samu yana isar mutum biyu. In ka ajiye magini na uku, da me zai yi gini? In 'ya'ya uku suka koyi sana'a kowa ya buɗe gidansa, a wane ruwa za su kafa turmi? Abin da ake gani kamar al'ada ce kawai, lissafi ne na mutanen da suka san abin da rafinsu zai iya ɗauka. Kuma tun da kowa kusan yumɓu ɗaya yake samu, ba wanda ya yi wa ɗan'uwansa nisa a arziki, wannan kuwa ya sauƙaƙa musu aikin gayya.

A nan ya kamata a bambance abin da suke ginawa da tukwanen da muka saba da su. Tukunya da randa da tulu na ƙasarmu ana toya su a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa ko kara, wutar ta yi 'yan sa'o'i, zafinta kuma ba ya cika wuce digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Selshiyas. A wannan zafi yumɓu ya ƙone ya yi ƙarfi, amma jikinsa yana nan da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta cikinsu ruwa ke tsattsafowa a bayan randa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Su ne kuma ke sa tukunya ta jure harshen wuta a kan murhu ba ta tsage ba. Na Onta kuwa ana kai shi wajen digiri 1,250. A nan wasu sinadaran da ke cikin ƙasar suna narkewa su toshe kafofin, jikin ya haɗe ya yi taurin dutse, in ka ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ƙarfe. Ba ya shan ruwa, ba ya riƙe warin miya, yana daɗewa. Amma ba ya sanyaya ruwa, kuma in ka ɗora shi kai tsaye a kan wuta zai iya darewa. Kowanne da aikinsa, kuma wanda ya ce ɗaya ci gaban ɗayan ne bai taɓa shan ruwan randa da bazara ba.

Faifan gini na Onta na katako ne, hawa biyu a kan sanda ɗaya: na sama inda ake ɗora yumɓu, na ƙasa wanda ake shura da ƙafa. Magini yana zaune a bakin ramin da aka kafa shi, ƙafa tana shuri, hannu biyu suna kan curin yumɓu. Ƙananan kwanoni daga curi ɗaya ake fitar da su ɗaya bayan ɗaya, a yanke kowanne da zare. Manyan randuna kuwa ana ɗora yumɓu igiya-igiya, a haɗe, sannan a ja shi sama a kan faifai. Gudun faifan a ƙafar magini yake, yana ƙara shi ko ya rage ba tare da ya ɗauke hannu ba, kuma wannan haɗin ƙafa da hannu shi ne abin da ke cin shekaru kafin ya zauna a jikin yaro.

Adon da aka fi sanin Onta da shi sunansa tobikanna. In faranti ya ɗan sha iska, sai a shafe shi da farar ƙasa da aka dama, a bari ta kama jiki, a mayar da shi kan faifai. Magini ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa, wanda asali daga cikin tsofaffin agogon bango ake ciro shi, ya shuri faifai, ya ɗora bakin ƙarfen a kan farantin. Ƙarfen ba ya tafiya sumul. Tsalle yake yi, yana ƙarrr, duk inda ya dira ya ɗebe ɗan farin ya bar baƙin jikin yumɓu a fili. Magini yana jan hannunsa a hankali daga tsakiya zuwa baki, kafin ka ƙifta ido sau biyu faranti ya cika da ɗaruruwan 'yan tsage a jere, zagaye bayan zagaye. In faifai ya yi gudu da yawa, ko farar ƙasar ta bushe fiye da kima, ko hannu ya yi nauyi, aikin ya ɓaci, ba kuma gyara. Akwai wasu adon: a riƙa dangwala faffaɗan buroshi a kan farar ƙasa tana ɗanya har ya fitar da zane kamar furen da ya buɗe, ko a ja yatsu, ko a watsa ruwan ƙyalli da ludayi ya gangara yadda ya ga dama. Ruwan ƙyallin, wato abin da ke narkewa a wuta ya zama gilashi a jikin kwano, da tokar itace da tokar bambaron shinkafa da garin dutse suke haɗa shi, su sa ƙarfe in suna son ruwan ƙasa ko baƙi, tagulla in suna son kore. Wani abin lura shi ne tobikanna ɗin nan da ake ɗauka tamkar tambarin Onta bai kai ƙauyen tsufa ba, a ƙarni na 20 ya shigo. Mutanen da ake yaba wa da riƙon al'ada sun san abin da za su karɓa.

Matoyar kuwa gini ce ta ɗakuna a jere, kowanne ya ɗara na ƙasa da shi tudu, tana hawa jikin gangare. Ta haɗin gwiwa da ke tsakiyar ƙauyen ɗaki takwas gare ta, wasu gidaje suna tarayya a kanta, sauran kuma kowa da tasa. Sau huɗu ko biyar a shekara ake kunna wuta. Kafin ranar, a shirya kaya a ɗakunan, faranti a kan faranti. Shi ya sa za ka ga wani zobe marar ƙyalli a tsakiyar farantin Onta, wurin da gindin na sama ya zauna ne, an goge ruwan ƙyallin don kada su manne. A toshe ƙofofi da bulo da laka. Itacen da suke ƙonawa yawancinsa ragowar katako ne daga injinan yankan katako na Hita, garin da aka sani da dazuzzukan itacen sida, kuma sai ya daɗe a jibge ya bushe ƙayau.

Ana fara wuta a bakin ƙasa, a hankali, sa'o'i masu yawa, don danshin da ya rage a jikin kaya ya fita ba tare da ya fasa su ba. In ɗakin farko ya ɗau zafi sai a koma jefa siraran itace ta wata 'yar kafa a gefensa. Harshen wutar da ya ratsa ɗakin farko ba ya tafiya a banza, yana shiga na biyu ya fara gasa shi, ya wuce na uku. Saboda haka in an gama da ɗaki ɗaya aka hau na gaba, an tarar da shi ya riga ya yi ja. Magini yana duba launin wuta ta kafar leƙe, ya zura sandar ƙarfe ya zaro ɗan gwajin da aka ajiye a ciki, ya ga ko ƙyallin ya narke. Aikin yana cin kamar kwana biyu ba barcin kirki. Sannan a toshe ko'ina a jira wasu kwanaki ta huce. Aikin wata biyu ko uku na gida gaba ɗaya yana cikin wannan wuta, kuma ƙasar Onta mai saurin tsagewa ce, ba a taɓa buɗe matoya a sami komai lafiya ba. A wajen wuta ne gadon ya fi amfani. Babu littafin da zai gaya maka wane lungu na ɗaki na huɗu ne ke jinkirin ɗaukar zafi, sai wanda ya tsaya kusa da kai shekara 20 yana ce maka ƙara, ko dakata.

In kaya suka fito, ba wanda ke sa sunansa. Abin da ake bugawa a gindi sunan Onta ne kawai.

Har zuwa farkon ƙarni na 20 mutanen nan manoma ne masu gini a gefe. Randunan ruwa suke yi, da tulunan tsimin kayan lambu, da kwanonin shinkafa, su sayar wa manoman kewaye da araha. A 1931 Yanagi Soetsu ya hau zuwa ƙauyen. Shi ne jagoran wata tafiya da ake kira mingei, wadda ya fara da abokansa magina Hamada Shoji da Kawai Kanjiro a tsakiyar shekarun 1920, suna cewa kyau na gaskiya yana cikin kayan amfanin yau da kullum da talakan da ba a san sunansa ba ya yi. A Onta ya ga abin da yake wa'azi a kai yana tafiya da ƙafafunsa, ya rubuta, mutanen birni suka karanta. A 1954 abokinsa Bernard Leach, babban maginin Ingila, ya zo ya yi mako uku yana aiki tare da su, ya sake dawowa a 1964. Har yau akwai butocin Onta masu mariƙi irin wanda ya nuna musu.

Yabo ya jawo kasuwa. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 mutanen birane suka yi ca a kan kayan mingei, dillalai suka riƙa jiran a buɗe matoya. Moeran ya nuna abin da kuɗin ya yi wa ƙauyen: gonaki suka koma gefe, wasu gidaje suka fita daga matoyar haɗin gwiwa suka gina tasu, aikin gayya ya ragu, masu saye kuma suka fara tambayar wane ne ya yi wannan, a wurin da aka yaba wa don ba a tambayar haka. Duk da haka Onta ba ta bi hanyar Koishiwara ba. Can an karɓi injin niƙa ƙasa da faifan lantarki, an ɗauki masu koyo, gidajen gini suka haura 40, wasu magina suka yi suna na kansu. Ba za a ce sun yi kuskure ba, sun ciyar da mutane da yawa. Onta ta zauna a kan gida goma da rafinta. A 1995 gwamnatin Japan ta sa fasahar cikin muhimman al'adun ƙasa da doka ke karewa, kuma ga ƙungiyar maginan aka ba da wannan matsayi, ba ga mutum ɗaya ba. A 2008 aka sa kwarin kansa cikin wuraren da ake karewa.

Wannan kariya tana da kaifi biyu. Sharuɗɗanta su ne a ci gaba da daka da ruwa, gini da faifan ƙafa, gashi da itace. Abin da kakanni suka yi don ba su da wata hanya ya zama wajibi a kan jikokin da ke da hanyoyi goma. Kuma tsarin magaji ɗaya yana da waɗanda ke biyan kuɗinsa. Ƙanin da ya fi wansa hannu dole ya nemi wata sana'a ko ya bar kwarin. Ɗan fari da ransa ke son wani abu dabam yana tashi da sanin cewa in ya ƙi, gidan da ya yi ƙarni uku yana gini zai rufe a kansa. Dokar Japan ta daina fifita ɗan fari a gado tun 1947, amma a irin waɗannan gidaje al'ada ta fi doka ƙarfi. Sai kuma neman matar da za ta yarda ta baro birni ta zo ta duƙa a ramin laka, a ƙasar da ƙauyuka ke ta tsufa suna mutuwa. Gida goman nan da aka daɗe ana ambata yanzu sun koma tara. Rafin ma ba kullum yake aboki ba: a watan Yuli na 2017 ambaliyar da ta afka wa arewacin Kyushu ta lalata turamen daka da madatsun ruwa, aiki ya tsaya har sai da aka gyara.

A shekarar da Leach ya zauna a Onta, wato 1954, ɗalibinsa na farko, Michael Cardew, yana ƙasarmu yana fama da irin wannan wuta. Cardew ya koyi gini a wurin Leach a St Ives ta Ingila daga 1923, ya yi aiki a Achimota da Vume a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, sannan a 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi jami'in harkar ginin tukwane. Ya zaga ƙasar, ya ga aikin magina na gargajiya, ya kuma rubuta cewa ba ya bukatar gyaran kowa. Abin da aka sa shi ya kawo wani abu ne dabam: tangaran mai ƙyalli da za a yi a gida maimakon na shigowa. Ya zaɓi Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, saboda akwai yumɓu da ruwa da itace, ga kuma goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Cibiyar koyar da ginin tukwane ta fara aiki a farkon shekarun 1950, da faifan ƙafa da matoyar itace mai kai zafin da ake bukata.

A gidan sarkin ne Cardew ya ga tukwanen wata mata Bagwariya daga Kwali, kuma a ƙarshen 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ita ma 'yar gado ce, a hannun gwaggonta ta koyi gini tun tana yarinya, amma gadonta na mata ne, na gini da hannu ba faifai, na toyi a fili. A cibiyar ta koyi faifai, ta yi faranti da kwano da buta. Sai dai abin da ya ɗaukaka ta shi ne manyan tulunan da ta ci gaba da ginawa da hannu kamar yadda ta gada, da zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada a jikinsu, waɗanda yanzu ake shafa wa ruwan ƙyalli a gasa a matoyar Cardew. Suka fito da kyan da ya sa aka yi ta rububinsu a nune-nunen Landan na 1958 da 1959 da 1962. Suka kuma tashi daga aikinsu na asali, don tulun da ya yi nauyin dutse, ba ya kuma sanyaya ruwa, ba mai kai shi rafi. A gindin kayan cibiyar akwai hatimi mai sunan Abuja da harufan Larabci, kusa da shi kuma alamar wanda ya gina. Nata LK ne, kuma wannan alama ce masu tara kayan tarihi ke dubawa kafin su yi tayi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20, zaune a bakin faifai.

Faifai da matoya mai tsananin zafi sun shigo mana ta ƙofar gwamnati, da albashi da lokacin tashi daga aiki, ba ta ƙofar gida ba. Wannan ya ba su abin da Onta ba za ta taɓa bayarwa ba: Bahaushe da Bagwari da wanda ubansa bai taɓa riƙe yumɓu ba duk suna iya zuwa su koya, mace ma ta zauna a bakin faifai. Ya kuma hana su abin da Onta ke da shi, wato wanda zai ga cewa in wutar ta mutu gidansu ne ya mutu. Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya karɓe shi, daga baya aka sa wa cibiyar sunan Ladi Kwali. Inda sana'ar ta fi yin saiwa shi ne wurin waɗanda suka koya suka fita suka kafa nasu. Ɗanlami Aliyu, wanda ya taso a cibiyar ya kuma je Ingila ya ƙaro sani a wurin Cardew, ya yi aiki a Minna, sannan shi da O'Brien suka kafa wurin gini na Maraba a kusa da Kaduna, inda ɗan'uwansa Umaru Aliyu ya riƙe aikin, ana gini a kan faifai, ana gashi da itace.